Nas mai tausa ta yi jinyar Ummana wata huɗu: ga abin da idona ya gani

Dare ne ya fi ba mu wuya bayan an sallamo Umma daga asibiti. An yi mata tiyata an yanke wani sashe na babban hanjinta saboda ciwon daji, aka kuma tsara mata maganin kemo duk bayan mako biyu. Da rana tana daurewa, har ta ɗan taɓa hira da jikoki. Da zarar gida ya yi tsit sai juyi ya fara: baya ya riƙe, zuciya na tashi, ga wani tsoro da ba ta furtawa amma yana nan a idonta. Ni kuma ina bakin gado riƙe da kofin ruwa, ba ni da abin yi sai jera mata sannu.

A wannan hali wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani kamfanin jinya a gida da ke turo nas, wadda bayan aikinta na yau da kullum take haɗawa da tausa, man ƙamshi, koyar da numfashi, sauraron sauti mai sanyi da danna wasu gurabe a jiki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na yi rajista, zuwa uku a mako, kowane zuwa awa ɗaya da rabi. Wata huɗu muka yi da su, kuma abin da zan rubuta nan shi ne abin da ya faru a ɗakinmu.

Ranar farko na zaci nas ɗin da aka turo, wadda muke kira Sista, za ta shigo ta warware kwalaben mai. Jakarta ma ba ta buɗe ba sai da ta ce a kawo mata takardun asibiti da ledar magunguna. Ta zauna ta rubuta sunan kowane ɗaya da lokacin shansa, ta auna zafin jiki da hawan jini, ta duba ɗinkin, sannan ta ce Umma ta faɗa mata inda ciwon yake tsakanin sifili da 10. Umma ta ce 6. Sai Sista ta matso da kujera ta ce, "Umma, bari in gaya miki tun yanzu, abin da zan yi miki ba zai taɓa dajin ba. Wannan aikin likitocinki ne da maganinsu. Nawa shi ne ki samu barci, ki iya cin abinci, ki samu ƙarfin komawa asibiti ranar da aka ce ki koma." Umma ta dube ta ta ce, "To 'yata, ai ko barcin kaɗai kika samo mini kin gama mini komai."

Daga baya na gane muhimmancin wannan magana. Masana sun raba abin gida biyu. Akwai abin da ake yi tare da maganin asibiti don a sauƙaƙa wa majiyyaci, akwai kuma wanda ake yi a maimakon maganin asibiti. Tausar da ake yi wa mai shan kemo tana gida na farko. Wanda ya ajiye kemo ya koma ga wasu haɗe-haɗe yana gida na biyu, kuma nan ne ake asarar rai. Masu bincike a Jami'ar Yel ta Amurka sun fitar da sakamako a 2018 cewa masu ciwon daji da suka zaɓi irin wannan madadin kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu bin maganin asibiti sau biyu da rabi. Sista ba ta kawo mana wannan lissafi ba, amma duk aikinta a kan wannan layin ya tsaya.

Tausar ita ce abin da ya fi komai amfani, kuma na zauna na kalle ta sau da yawa har na haddace tsarinta. Kafin ta taɓa Umma sai ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi ta goge, man ma sai ta murza shi a tafinta ya yi ɗumi. Dalili kuwa, cikin magungunan kemon akwai wanda ake kira oxaliplatin, yana sa sanyi ya riƙa tsirar mutum a yatsu kamar lantarki. Umma ko murfin firji ba ta iya taɓawa a kwanakin. Sai ta kwantar da ita a gefe, ta sa matashi tsakanin gwiwoyi, ta fara daga kafaɗa tana gangarowa a hankali da tafin hannu, ba matsa ba, ba murɗa ba, kamar mai lallashin jariri. Wajen ɗinkin ba ta zuwa. Ƙirjin da aka dasa bututun ba da magani, nan ma ba ta zuwa. Wata rana ta ga fatar ƙasan baya ta yi ja a kan ƙashi, na ce ta ɗan murza wurin jini ya zagaya. Ta ce a'a, a da haka ake koyarwa, yanzu an gano murza irin wannan wuri yana ƙara ɓata naman da ke ƙasa ya kai ga gyambon kwanciya. Abin yi shi ne a ɗauke nauyi daga wurin, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu.

Bayan minti ashirin na tausa, ciwon da Umma ta ce 6 yakan sauko 4, wani lokaci 3. Ba ya zama a nan. Zuwa wayewar gari ya koma inda yake, kuma ko ƙwaya ɗaya ba a rage mata daga maganin ciwo ba. To amma waɗannan 'yan awowin su ne suke ba ta damar yin barci, kuma wanda ya taɓa jinya ya san darajar barcin awa biyar a jere. Na tambayi Sista ko dai kwantar da hankali ne kawai. Ta ce in tuna yadda yaro yake murza goshinsa idan ya buge. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzak da Wol, suka bayyana cewa saƙon taɓawa da saƙon ciwo suna haɗuwa a laka kafin su kai ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawar yana iya rage wa na ciwon hanya, kamar mutum biyu da suka yi karo a ƙofa ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da lamba. Wata la'asar Sista na shafa mata tafin hannu, Umma ido a rufe, sai kawai ta ce, "'Yata, idan abin nan ya dawo, za su gaya mini gaskiya kuwa?" Mu 'ya'yanta mun yi makonni muna kewaye wannan tambaya, ita ma tana kewaye mu da ita don kada ta tayar mana da hankali. Sista ba ta tsayar da hannunta ba, ba ta kuma ce mata ta daina irin wannan tunani ba. Ta ce, "Me kike so a gaya miki, Umma, kuma wa kike so ya kasance a wurin?" Suka yi ta magana ƙasa-ƙasa, ni na fita na ba su wuri, ina share hawaye a bakin ƙofa. Sisili Sondas, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta kuma buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na Sen Kiristofa a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon majiyyaci ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, na iyali da na ruhi, duk a cakuɗe. A daren nan Umma ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun kafin tiyata.

Sauran abubuwan ba su kai tausa ba. Don tashin zuciya, Sista ta nuna mana wani gurbi a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, tsakanin jijiyoyi biyu, a danna da babban yatsa minti biyu zuwa uku. Ta faɗa mana cewa shaidar amfaninsa ta fi ƙarfi ga tashin zuciyar bayan tiyata, a kan na kemo kuwa sakamakon a gauraye yake. Haka muka gani: yana ɗan lafar da abin idan bai yi ƙarfi ba, amma a kwana biyun farko bayan kemo sai dai ƙwayar hana amai. Numfashin ya yi rana, musamman a mota kan hanyar asibiti: a ja iska ana ƙirga huɗu, a sake ta ana ƙirga shida. Tsofaffin waƙoƙin da take so tun ƙuruciya ma mun riƙa sa mata a kunne lokacin wanke ciwo, kuma ta fi sakin jiki. Wannan bai ba ni mamaki ba, don mujallar likitoci ta Lancet ta tattara gwaje-gwaje 73 a 2015 ta nuna cewa sauraron kiɗa yana rage ciwo da fargaba ga waɗanda aka yi wa tiyata. Man ƙamshin lafanda kuwa sam bai karɓe ta ba. Kemo ya sa hancinta ba ya ɗaukar ƙamshi, ɗigo biyu kawai aka sa a auduga sai amai. Sista ta fitar da audugar, ta buɗe taga, ta rubuta a littafinta, ba ta sake kawo shi ba.

A mako na bakwai ne abin da ya sa har gobe nake yi wa matar nan addu'a ya faru. Umma ta kwana tana kukan sha-raɓarta ta hagu, da Sista ta iso ta ce, "Yau ƙafar nan za ki fara yi mini, ta ɗaure tam." Sista ta yaye zanen ta duba, ta ɗora bayan hannunta a kan wannan ƙafa, ta ɗora a kan waccan, ta ciro awon tela daga jaka ta auna kaurin duka biyun. Ta hagun ta fi kauri, ta fi ɗumi. Ta ce, "Umma, yau ba tausa. Ki yi haƙuri, asibiti za mu yanzu." Umma har ta ɗan yi fushi. A asibiti hoto ya nuna jini ya daskare a jijiyar ƙafar, abin da ciwon daji, kemo da yawan kwanciya duk suke jawowa. Likita ya ce irin wannan gudan jini yana iya ɓallewa ya tafi huhu, shi ya sa ba a murza ƙafar da ake zargi. Da a daren ni na biye mata na matsa ƙafar, kamar yadda na so yi, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana.

Aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini. Ba a yi kwana goma ba Kawu, ƙanenta, ya zo da wata kwalbar ƙwayoyin ganye da ya saya, cike da murna, wai tana gyara zagayawar jini kuma ba sinadari a ciki. Sista ta karɓa hannu biyu, ta karanta bayan kwalbar, ta nuna masa sunan ginkgo. Ta ce, "Baba, niyyarka mai kyau ce. Amma wannan ganyen idan ya haɗu da maganin da take sha yana iya sa jini ya ƙi tsayawa. Bari mu ɗauki hotonta mu nuna wa likita tukuna." Ba ta kunyata shi ba, ba ta kuma bari an sha ba. Likitan ma cewa ya yi a ajiye.

Yanzu ga inda kamfanin ya ɓata mini rai. Sista ta tafi hutun mako biyu aka turo wata. Ita wannan ko ma'aunin zafi ba ta ciro ba a zuwanta na farko, alhali an ja mana kunne cewa mai shan kemo idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 asibiti ake nufa ba jira. Sai ta ce Umma ta kwanta, ta riƙa yawo da hannuwanta a sama da jikin ba tare da taɓawa ba, wai tana daidaita wani ƙarfi da ke kewaye da mutum. Na bincika na samu cewa wata farfesar jinya a Niyok, Dolores Kiriga, tana cikin waɗanda suka kawo wannan salo cikin aikin nas a shekarun 1970. Na kuma samu cewa wata yarinya, Emili Rosa, ta gwada masu yin sa su 21: suna bayan labule, su faɗi a kan wane hannunsu ta ɗora nata a sama. Sun dace kashi 44 cikin ɗari, ƙasa da abin da canki-canka zai bayar, kuma mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998. Da a nan ta tsaya da na yi shiru, don Umma ta ce kwanciyar shirun ta yi mata daɗi. Amma da za ta tafi sai ta ce tunda hanyoyin jiki sun buɗe, ana iya fara rage maganin ciwo. Wannan ba hurumin kowa ba ne sai likitan da ya rubuta shi. Na kira ofishinsu a ranar. Sun ba da haƙuri, sun canza ta, amma takardar tallarsu har yau tana ɗauke da alkawarin wanke guba daga jiki da ƙarfafa garkuwa, kalmomin da Sista ba ta taɓa furtawa a ɗakinmu ba. Kuma na lura cewa rubuta wa likita rahoton abin da ake yi wa majiyyaci ba ƙa'idar kamfanin ba ce, himmar Sista ce ita kaɗai.

Shin zan ba wani shawarar ya ɗauki irin wannan hidima? Zan ba shi, amma ya zauna da nas ɗin da za a turo masa kafin ya sa hannu a komai. Ya ga lasisinta na jinya da idonsa, ya ji inda ta koyi tausar marasa lafiya, ya ji ko za ta yi magana da likitan majiyyacin. Sannan ya tambaye ta a wane hali ne za ta ƙi yin tausa ko an roƙe ta. Idan ta ambaci kumburin ƙafa ɗaya, zazzaɓi, ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da jini ko ƙashin da ciwo ya ci, to ta san aikinta. Idan ta ce tausa ba ta da illa ga kowa, a nemi wata.

Saura wa Umma zagaye huɗu na kemo cikin 12 da aka tsara. Mun sabunta yarjejeniyar, amma mun cire man ƙamshi da yawo da hannu a iska, mun bar jinya, numfashi da tausa mai sauƙi a kafaɗa da hannuwa, wadda likita ya amince da ita duk da maganin tsinka jinin. Sharaɗinmu ɗaya mun rubuta shi a takarda: Sista za a riƙa turowa, idan kuma ba ta nan a sanar da mu tun da wuri. A ranakun da ba ta zuwa ni nake yi, yadda ta koya mini. Ina ɗumama hannuna tukuna, in duba ƙafafuwan biyu, sannan in fara daga kafaɗa.