Wata goma sha ɗaya ina bin karatun Attaura na mako-mako a waya

Aikin jinya ne ya kai ni gidan wata tsohuwa Bayahudiya a Prestwich, arewa da Manchester, unguwar da Yahudawa ke da yawa. Kaka nake ce mata, ita kuma ta amsa. Juma'ar farko na tafka abin kunya: na ga an bar fitilar banɗaki a kunne bayan magariba, na kashe, wai ina yi musu tattalin wuta. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta yi ta lalube a duhu, don ba ta taɓa makunnin wuta ranar Shabbat, ranar hutun Yahudawa da ke farawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar. Jikarta ce ta yi mini bayani, ta kuma sauke mini wata manhajar karatun Attaura a waya. Irinta suna da yawa, tsarinsu kusan ɗaya. Na yi amfani da ita daga Oktoban 2022 zuwa ƙarshen Satumban 2023, da aka sauya mini wurin aiki.

Duk Lahadi takan turo kason makon, wanda suke kira parasha. Littattafan Musa biyar ne aka yanka kashi 54, ana farawa bayan Simchat Torah, bikin saukar karatun Attaura, a sauke a shekara. Wata suke bi kamar mu, sai dai suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai cikin shekara 19, don kada Idin Ƙetarewa, wato Pesach, ya bar lokacinsa. A shekarar da ba ƙari sai a haɗe wasu kaso biyu-biyu. Ni da na saba ganin an sauke izu sittin cikin watan azumi, da farko tafiyar ta yi mini kamar ta hawainiya. Akwai nassin Ibrananci, fassarar Turanci, sharhin malaman da, sai ɗan gajeren rubutu na "tunanin mako". A ƙasa kuma lokacin kunna kyandir na shigar Shabbat, minti 18 kafin faɗuwar ranar Juma'a. Wannan kaɗai ya biya mini kuɗin da nake sakawa, domin a Disamba wajen uku da rabi ake kunnawa, dole girki da wanka su kammala tun azahar.

Tunanin makon ne rauninta. Da aka zo kason Lech Lecha, inda aka ce wa Annabi Ibrahim ya bar ƙasarsa da gidan mahaifinsa, sai suka mayar da shi irin maganar da ake ɗorawa a WhatsApp: ka tashi, ka bi burinka. Miya ce ba gishiri. Bayan mako shida na daina buɗe wurin.

Daɗin yana wajen Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rasu a 1105. Mutumin ba ya barin kalma ta wuce shi. A labarin Annabi Yusuf, wanda ke cinye makonni huɗu, nassin ya ce rijiyar da aka jefa shi wofi ce, ba ruwa a ciki. Rashi ya tsaya: tunda an ce wofi, me ya kawo zancen ruwa? Ya amsa da kansa: ruwa ne babu, amma akwai macizai da kunamu. Na karanta wa Kaka tana shan shayi, ta ajiye kofi ta ƙarasa mini da Ibrananci, ta ce tun tana 'yar makaranta ta haddace. Ni Musulma ce, ban shiga don neman addini ba, kuma inda labarinsu ya saɓa da Alƙur'ani na san inda na tsaya. Amma irin wannan tsayawa a kan kalma na gane shi, haka malaminmu na zaure yake yi.

Makon da ya fi taɓa ni shi ne wanda na ɗauka zai fi gundura. Pesach ya faɗo cikin azumi a 2023, ina share ɓurɓushin burodi daga kabad da baki a bushe, don ba sa barin burodi mai yisti a gida lokacin bikin. Washegarin ƙaramar Sallah aka karanta kason Tazria da na Metzora, babi bayan babi kan tabon fata, da yadda firist zai duba ya killace mutum kwana bakwai. Ashe malamansu sun ɗaure cutar da harshe. Hujjarsu Maryamu 'yar'uwar Musa, wadda ta yi maganarsa a bayan ido, fatarta ta yi fari fat, ta kwana bakwai a wajen zango. Lashon hara suke ce wa abin, kuma sunan yana hawa ko da gaskiya ka faɗa. Daidai da giba ke nan a wurinmu. Ni kuwa ranar Sallah na yi awa biyu a waya da yayata muna yi da matar ƙaninmu, kowace kalma gaskiya ce, kowace kalma kuma naman 'yar'uwa. Na rufe wayar ban ƙarasa karatun ba.

Wani ƙorafin: bayan Shavuot, bikin da ke zuwa in an ƙirga kwana 49 daga Pesach, sai na ga ina gaba da Kaka da mako guda. A Isra'ila kwana ɗaya ake bikin, a waje kwana biyu, kuma na biyun ya faɗo Asabar a shekarar, don haka karatun ya rabu har farkon Yuli. Manhajar a kan tsarin Isra'ila take, wurin sauyawa kuma an binne shi can ƙarƙashin saiti. Muka yi ta gardama da tsohuwa, ita ce da gaskiya. Manhajar ba ta da Hausa ma, sai in ajiye fassarar Littafi Mai Tsarki a gefe, in nemi Farawa ko Fitowa.

Ga ɗalibin ilimin addinai, ko mai aiki a gidajen Yahudawa irina, manhajar ta isa a biya. A dai tsallake tunanin makon, a gyara saitin ƙasa tun ranar farko.

Gab da Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara ta Yahudawa, manhajar ta kawo wani hukunci daga Mishna, tsohon littafin hukunce-hukuncen malamansu: azumin ranar yana kankare laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma wanda ke tsakaninsa da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yafiya. Kaka ta sa na riƙa danna mata lambobi, ta kira mutum tara cikin kwana uku, har da wata da suka yi shekaru ba sa gaisawa. Da ta gama ta kama hannuna ta ce, "'Yata, in na taɓa ɓata miki, ki yafe." Na ce, "Kaka, ai ni ce na bar ki a duhu." Ta yi dariya har da tari, ta ce in miƙo mata ruwa. Da dare na kira matar ƙanina, ta ɗauka a kira na uku.