Fita shaƙatawa da dangi daga Sakkwato: ina za a je, me za a ci?

Mu ashirin da biyu muka tashi daga Sakkwato a hutun ƙarshen shekara: Inna da Baffa, mata biyu masu goyo, matasa biyar, yara tara, sai mu huɗu da muka ɗauki nauyin tafiyar. Ranar da aka zauna shawara, yara na ta kiran lilo da motocin karo, matasa na nuna hotuna a waya, Inna kuwa tambaya biyu kawai ta yi: "Wurin ga, akwai inuwa? Kuma ina za mu yin sallah?" Tun daga lokacin, duk wanda ya nemi shawarata kan irin wannan fita, nakan ce ya fara da tambayoyin Inna, ya ƙara da ta uku: wa zai ciyar da jama'ar nan sau uku a yini? Na'urorin wasa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Abin da ke raba tafiya mai daɗi da ta wahala shi ne yadda tsoho da jinjiri suka wuni.

Ga Basakkwace da ke son filin wasa na sosai, Abuja ce ta fi kusa da biyan bukata. Akwai Magic Land, wanda a da ake kira Wonderland, kusa da ƙofar shiga gari da babban filin ƙwallo na ƙasa. Abin da ya fi jan hankalina a Abuja shi ne ana iya raba kwanaki: yini ɗaya na lilo da hayaniya, washegari a tafi Millennium Park da ke Maitama, lambun da Sarauniyar Ingila Elizabeth II ta buɗe a 2003, inda dattawa za su zauna ƙarƙashin bishiya yara na guje-guje a ciyawa. Ga tafkin Jabi, ga gidan namun daji na yara a Asokoro, ga Masallacin Ƙasa idan tafiyar ta haɗa da Juma'a. Illarta tsada: masauki, abinci da motar zirga-zirga duk sun fi na gida nesa ba kusa ba.

Kano ba ta kai Abuja tarin na'urori a wuri guda ba, amma ta fi sauƙin ciyar da taro. Gidan Zoo na Audu Baƙo, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi sun isa cika kwana biyu, kuma da wuya a rasa ɗan'uwa ko abokin kasuwanci da zai taimaka da masauki. Tuwo, masa da fura suna nan kamar a gida, ba wanda zai kwana da yunwa don bai saba da girki ba. Idan yawancin tawagar dattawa ne da ƙananan yara, ni Kano zan zaɓa. Idan matasa suka fi yawa, za su fi gode maka a Abuja.

Sai batun hanya, wanda ba a wasa da shi. Daga Sakkwato zuwa Kano ya haura kilomita 500, Abuja ta fi haka, kuma kowa ya san halin tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Shatar bas mai ɗaukar mutum 18 ta fi araha idan aka raba kuɗin, kuma ita ce za ta riƙa kai ku ko'ina idan an isa, amma sai an tashi da sassafe, an sauka kafin duhu, an kuma tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar. Jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja kusan awa ɗaya ne. Mu raba ƙafa muka yi: Inna, Baffa da masu goyo suka bi jirgi, sauran muka bi mota. Jinjirin da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne. A tuna dai cewa ƙurar hunturu a Disamba da Janairu kan sa a jinkirta tashin jirgi, don haka kada a sa ranar wasa ta zama ranar isowa.

Masu hali kan duba waje. A Dubai akwai filin wasa na IMG Worlds of Adventure da aka buɗe a 2016, a tsibirin Yas na Abu Dhabi kuma akwai Ferrari World na 2010 da Warner Bros. World na 2018. Duka ukun galibi a cikin rufaffen gini suke, mai na'urar sanyaya ɗaki, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da zafinta na bazara ke wuce digiri 40 kamar namu. Abinci halal ne, akwai ɗakunan sallah a ciki, wato tambayoyin Inna sun samu amsa tun kafin a yi su. Matsalar biza ce: an dakatar da bai wa 'yan Najeriya a 2022, aka dawo da ita a 2024, kuma sharuɗɗa na canjawa, saboda haka kada a biya tikitin kowa sai bizar kowa ta fito. Disney World na Amurka, da aka buɗe a 1971, ya fi duka girma da filaye huɗu, yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, kuma ana barin mutum ya shiga da abincinsa. Sai dai neman halal a can aiki ne, teburin cin abinci na taro ana kama shi tun kwana 60 kafin zuwa, kuma kilishi da dambun nama ba sa ƙetare kwastan ɗin Amurka ko na Turai. Ga dangi mai mutum ashirin, ban ga ya ci kuɗinsa ba.

Dangin da ba su taɓa fita tare ba, su fara gwaji da Argungu, kusan kilomita 100 daga nan. A ga gidan tarihi na Kanta da bakin kogin Matan Fada, a dawo kafin magariba. A yinin nan za a gane wane yaro mota ke juya wa ciki, wace gwaggo ba ta jure rana.

A filayen wasa, tikiti iri biyu aka fi samu. Ko dai a biya kuɗin shiga sannan a biya kowane lilo daban, ko a sayi na gaba ɗaya, a ɗaura wa mutum wata 'yar takarda a wuyan hannu ya hau duk abin da ya ga dama. Kuskuren da muka yi a wani wuri shi ne saya wa kowa na gaba ɗaya, har da Baffa da ke da hawan jini da matan da ke goyo, waɗanda ba su hau komai ba. Kafin a saya, a auna tsawon yara a gida. Manyan na'urori da tsawo suke aiki, ba da shekaru ba, galibi tsakanin santimita 100 zuwa 140, kuma ba abin da ke karya zuciyar yaro kamar ya bi layi rabin awa a ce bai kai ba. Na gaba ɗaya na matasa ne da yaran da suka kai tsawo. Sauran a biya musu kuɗin shiga kawai. A kira wurin tukuna a tambaya ko akwai rangwamen taro, ko suna da keken guragu na haya, ko kuma wanda ya fita zai iya komawa da tikitinsa.

Yanzu ga abinci, wanda shi ne zuciyar maganar. Zaɓinsa a ɗaure yake da zaɓin masauki. Mutum ashirin da biyu a otal na bukatar ɗaki bakwai ko takwas, kuma kowane cin abinci sai an saya: mutum 22 sau uku, faranti 66 ke nan a yini, a kwana uku 198. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga dalilin da ya sa na fi son a kama gida sukutum mai kicin da falo, ko gidaje biyu a jere, maza a ɗaya mata a ɗaya. Ana iya dama koko da safe, a dafa wa mai ciwon suga abin da ya dace da shi, a wanke kayan jinjiri, a yi jam'i a falo. Kafin a biya, a tabbatar akwai ruwa da janareto, a kuma faɗa wa mai gidan gaskiyar yawan mutane.

Amma a nan akwai abin da maza kan manta. Idan an kama gida mai kicin, su wa za su yi girkin? Na ga matan da suka yi tafiyar kwana uku ba su ga komai ba sai tukunya. Wannan ba hutu ba ne a gare su, kuma ba adalci ba ne. Abin da ya yi mana kyau shi ne a haɗa: karin kumallo a gida, mai sauƙi, shayi da burodi ko koko da ƙosai na saye, abincin rana a ba wata mai girkin biki kwangila ta kawo a kuloli, na dare a fita a ci tsire ko masa, ko a sayo a kawo. Mai girkin a nemo ta ta hannun wanda ya taɓa cin abincinta, a yi ciniki da faranti, a ba da rabin kuɗi.

Sayen abinci a cikin filin wasa shi ne mafi tsada, kuma shagunan ba su saba da odar mutum ashirin a lokaci guda ba. Wasu wurare ba sa barin a shiga da abinci, to a tambaya tun daga gida. Idan sun hana, a bar kuloli a mota, a fito a ci, a yi azahar, a koma. Guzurin da ke jure hanya daga Sakkwato sanannu ne: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, da yaji a kwalba. Kunun aya da fura damammiya ba sa jure zafi, shinkafa ma idan ta wuni a kula cikin mota mai zafi tana iya ɓata cikin yara. A ɗauki fura ba a dama ba, a sayi nono a can. Ruwa kuwa a saya katan-katan a gari. Sannan kada a bar yaro ya hau abin da ke juyawa da cikakken ciki, a ba shi ko da awa ɗaya.

Kada a ce dole kowa ya bi kowa. Taro irin wannan idan ya tafi a dunƙule, rabin yini a jira yake ƙarewa. A kasa uku: matasa da babba ɗaya, yara da manya biyu, dattawa da masu goyo a inuwa kusa da bayi da wurin alwala, nan ne matattara. A sa lokacin sallah ya zama lokacin haɗuwa, tunda ba mai mantawa da shi, kuma matafiya na da sauƙin ƙasaru. Abu ɗaya ko biyu sun isa a yi tare, kamar hoton dangi da babban lilon da ke tafiya a hankali, wanda Inna ma ta yarda ta hau. Anko yana da amfani a nan fiye da a biki, don yaro mai riga irin ta 'yan'uwansa ana hango shi daga nesa. A rubuta lambar waya a sa a aljihun kowane ƙaramin yaro.

Ranar Sallah da washegarinta cunkoso ne ko'ina. Tsakiyar mako, da zarar an buɗe ƙofa, ya fi.

Kuɗi kuma a gama maganarsu a Sakkwato. "Kowa ya biya nasa" yana da sauƙin faɗa, amma a bakin shagon askirim yake zama abin kunya, ɗan wannan na sha ɗan wancan na kallo. Karo-karo ya fi: a raba gwargwadon ƙarfin kowane gida, ba yawan 'ya'yansa ba, a damƙa wa ma'aji ɗaya, shi ke biyan mota, masauki, abinci da tikiti yana rubutawa. Wasu dangin adashi suke zubawa na wata shida don wannan. Kowane yaro a ba shi kuɗin kashewa daidai da na ɗan'uwansa. Ma'aji ya ware wani abu don gyaran mota ko magani, ya kuma riƙe tsabar kuɗi a jiki, domin ranar da wuri ya cika, na'urar POS da tiransifa kan ƙi tafiya daidai lokacin da yara tara ke tsaye a bakin ƙofa.