Zaren DMC da mayafin teburin da na yi wa shekara uku ina gudu

Da kaka ta shigo, safiya ta fara sanyi-sanyi, sai na jawo akwatin da nake jibge ayyukan da na fara ban gama ba. Guda bakwai na ƙirga. A can ƙasa na tarar da mayafin tebur mai surfanin ganyaye, shekararsa uku a ninke, allurar ma tana soke a jiki har ta bar ɗan tabon tsatsa. Ganye huɗu suka rage, zaren ruwan tagullar kuma ya ƙare tas.

Abin da ya cece ni ɗan guntun takarda ne da na maƙale da fil a gefen ƙyallen, na rubuta lambobin launin zaren, 920 da 725. Da waɗannan lambobin na sayo sabon zaren DMC, kuma a kansa nake son yin magana.

Kamfanin na Faransa ne, a garin Mulhouse, asalinsa tun 1746. Kowane ƙullin zare mita 8 ne, auduga zalla, sili shida da ake rabawa, kuma kowane launi da lambarsa: 310 baƙi, 321 ja. Da na ɗora sabon 920 a kan tsohon ɗinkin, sai da na fita waje cikin hasken rana ina jujjuya shi, ina neman inda suka bambanta. Ban samu ba, sai a ganye ɗaya da ya ɗan koɗe, shi ma ni na bar mayafin a bakin taga wata da watanni kafin in ninke shi.

Sili biyu nake ɗinki da su. Nakan yanko kamu ɗaya, in zare silin ɗaya bayan ɗaya sannan in haɗa, haka ya fi kwanciya luf, sheƙinsa ya fito. In aka yi haɗama aka yanko dogo, zai tsuke kafin a kai rabi. Sannan a riƙa jawo zaren ta ɓangaren takardar da ke da lamba. Wata rana na jawo ta ɗaya gefen, na ɓata rabin awa ina warwarar ƙulli ina tsaki.

Wanki ne gwajin da nake tsoro, domin na taɓa sayen wani jan zare marar suna, ya zuba a kan farin matashin kai ya lalata min aikin wata biyu. Wannan karon na jiƙa mayafin a ruwan sanyi, na tsaya a kansa kamar mai gadi. Ruwan ya fito fes.

Bargon haɗin ƙyalle kuwa, ɗaya daga cikin ayyukan akwatin, wanda na haɗa samansa da audugar tsakiya da bayansa na bari a haka, wannan zaren bai dace da shi ba, domin silin yakan rabu in yana ratsa hawa uku. Sai na koma ga murɗaɗɗen zaren DMC mai lamba 8 (lambar kauri ce, ba ta launi ba), wanda ke zuwa a dunƙule kuma ba a raba shi. Ɗinkin ya fito ɓaro-ɓaro, yadda nake so. Yanzu da dare bargon ke rufe min ƙafa ina ɗinka shi, na kai layi na tara, saura biyar a akwatin.