Masu cewa in sayo musu kyamara daga Jidda, ga amsarku

Salamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto, musamman ku na Kano da kuka ishe ni a WhatsApp wai a Saudiyya komai araha ne. Wallahi ba haka bane. Riyal ɗaure take da dala, 3.75 duk dala ɗaya, kuma tun Yulin 2020 harajin saye ya koma kashi 15 cikin 100, in ka juya kuɗin zuwa naira bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda suka fi mu kwanciyar hankali ne, ka shiga manyan shagunan kayan lantarki irin Jarir ko eXtra a miƙo maka sabuwa dal a kwali da rasit da garantin shekara 2, mai iqama (takardar izinin zama) ma yana iya biya kashi huɗu ta manhajojin biya kaɗan-kaɗan, Tabby ko Tamara. Sai dai garantin na nan ne, in ta samu matsala a gida sai ka nemi mai zuwa Umara ya taho da ita.

Ni Sony A7 III nake aiki da ita, ta 2018 ce, megafiksel 24, yara na cewa ta tsufa amma har yau ita ke ciyar da ni. Memori biyu take ɗauka, in ka saita ta duk hoton da ka ɗauka yana sauka a duka biyun, wanda memori ya taɓa mutuwar masa bayan ɗaurin aure ya san me nake nufi. Tana kama idon mutum da kanta, cikin ƙarancin haske hoton bai cika yin tsaki-tsaki ba, batir ɗaya kuma yana kai hoto wajen 700, wannan ku ya fi amfana ma, mu nan ba a cika ɗauke wuta ba. Aibinta saitin ciki, sai ka yi ta laluben abu kamar mai neman allura, ga ƙura da ke saurin hawa cikinta in kana canza gilashin gaban kyamara (lens) a waje. Canon R6 ta farko kalar fata tana fita da kyau, amma an san ta da ɗaukar zafi a bidiyon 4K, ku tuna ranar Kano a watan Afrilu.

Ta hannu akwai a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a nan Saudiyya, amma sai ka duba adadin hoton da ta ɗauka kafin ka biya.

Masu son zuwa aiki kuma, bikin nan ba irin namu bane, ɓangaren mata mace ce kawai ke ɗauka, shi yasa aikina yawanci kayan shaguna ne da abincin gidajen cin abinci. Kuma kar ka ɗaga kyamara kan mutum a titi ba izini, dokar laifukan intanet ta 2007 tana iya kai mutum ɗaurin har shekara 1 ko tarar har riyal 500,000, ko duka biyun.

Mai so ya turo kuɗinsa cif, har da na gilashi, don wanda ake haɗowa da ita a kwali ba zai maka biki da dare ba.