Dawa ko kilisa, wanne ke cika bayan doki?

Salam ɗan uwa. Tun jiya da daddare naga tambayarka, inda kace dokinka yana ci sosai har ciki ya fito amma gadon bayan ya rame, ƙashin baya ya taso kamar bakin allo, kuturi ya zube, kana tambaya shin dawa zaka ƙara mashi ko kuwa kilisa tunda saura wata ukku Sallah. Naga wasu sun ce ka ninka dawa, wasu sun ce sukuwa kullum. Bari in aje maka su gefe da gefe yadda na gansu a bargarmu nan Daura, don abin ya taɓa faruwa da wani bidi da na sayo a Mai'adua kuma har yau in na tuna wahalar da dokin nan ya sha kafin mu gane matsalar sai raina ya sosu.

Naman da kake nema shine wanda ya taso tun daga saman wuya, ya bi kafaɗa, ya kwanta hagu da dama na ƙashin baya inda sirdi ke zama, ya wuce ƙugu ya ƙare a kuturi. Tsoka ce, ba kitse ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don doki zai iya yin ƙiba bayan nan bai cika ba. Ka ɗora tafin hannunka gefen ƙashin bayan ka danna, in tsoka ce zaka ji ta da tauri tana turo hannunka, kitse kuwa taushi gare shi kuma wurin da yake taruwa daban ne, gindin wutsiya da bayan kafaɗa da saman wuya. Likitocin dabbobi suna da ma'aunin ƙibar doki daga 1 zuwa 9 wanda wani ba'amurke Henneke ya fitar a 1983, lamba 5 ita ce tsaka-tsaki, wato ba ka ganin haƙarƙari da ido amma in ka shafa kana jinsu. To ko wannan ma'aunin kitse yake aunawa, doki na iya zama a 5 ko 6 bayansa na nan a rame.

Toh mu fara da abinci, don nan ne na fi ganin kuskure a wurinmu. Dawa da gero da masara ƙarfi suke badawa. Furotin ɗinsu, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 10 ne cikin 100, kuma wannan ɗan furotin ɗin ma ya gaza a wani sinadari da ake kira laisin, wanda in babu shi isasshe jikin doki ba zai iya haɗa tsoka ba ko da sauran sinadaran na nan. Kamar magini ne ka tara mashi bulo har sama amma siminti buhu ɗaya, iya inda simintin ya ƙare nan gini zai tsaya. Shi yasa zaka ga an ninka dawa, doki ya ƙara zafin kai yana tsalle a turke yana haƙar ƙasa, ciki ya ƙaru, baya shiru. Kuma hatsarin ba ƙarami bane, tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, in ka zuba mashi hatsi mai yawa lokaci guda sai ya wuce hanji bai narke ba ya yi tsami a can, daga nan ciwon ciki ko ciwon kofato da zaka ga doki ya kasa taka ƙafafun gaba. Dokinmu na nan da yawanci ke tsakanin kilo 300 zuwa 350, ni bana bari hatsi ya wuce kilo 1 da rabi a ci ɗaya, gara in raba mashi sau biyu ko ukku. Kuma dan Allah ka auna tiyarka a sikeli sau ɗaya ka san nauyinta, don tiya ba ɗaya take ba.

Abin da ke gina bayan a ɓangaren abinci yana nan ƙofar gidanmu, harawa. Harawar gyaɗa da ta wake, mai ganye wadda ba ta sha ruwa ba, furotin ɗinta ya haura kashi 10, busasshiyar ciyawar rani kuwa da ake yankowa bayan ta bushe a tsaye sau da yawa ko kashi 5 ba ta kaiwa. Ka duba bambancin. Dokin da ke cin irin wannan ciyawar zalla cikinsa zai cika ya yi tulu saboda yawan abin da ba ya narkewa da sauri, amma jikin yunwar furotin yake yi, kuma in ya rasa to daga naman bayansa yake ɗiba. Doki na buƙatar ciyawa da harawa kusan kashi 1.5 zuwa 2 na nauyin jikinsa kullum, wato naka in ya kai kilo 350 kana maganar kilo 5 zuwa 7. In harawar ta zama karmami zalla ganyen duk ya kakkaɓe a ƙasa to ka yi asarar rabin amfanin, ni har buhu nake shimfiɗawa ƙarƙashi in tattara ganyen in zuba cikin dusa.

Sai waken suya. Shi ne ya fi duk abin da muke da shi laisin, furotin ɗinsa ya kusa kashi 40. Amma sai an soya shi an ɓarza, ɗanye yana da wani abu da ke hana narkewar furotin. Ni da cikin hannu ɗaya nake farawa, in ƙara a hankali cikin kwana 10 har ya kai kamar giram 300 a rana. Ƙuli-ƙuli ma yana da furotin sosai sai dai laisin ɗinsa bai kai na waken suya ba kuma in ya yi fumfuna guba ne, ka shinshina kafin ka bada. Dusa tana da kyau amma kar ta zama ita ce abincin, sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi kuwa kaɗan, in aka daɗe a haka ƙashi ke raunana, harawa ce ke gyara wannan don ita tana da kalsiyam. Kanwa da iyayenmu ke jiƙawa ba na musun tana da nata wurin, amma ba ta gina tsoka, gishiri da ruwa mai tsafta dai kar su yanke, a zafin Afrilu doki na iya shanye lita 40 ko fiye.

Wani abu da nike roƙonka da girman Allah, kar wani ya ruɗe ka da allurar ƙiba irin wadda ake yi ma dabbobin kasuwa. Irin su dexamethasone in aka daɗe ana yi naman bayan ma suke zaftarewa kuma suna iya jawo ciwon kofato.

Yanzu kilisa. Abinci ya kawo kayan aiki, motsa jiki shi ke gaya ma jikin inda za a sa su. Dokin da ke ɗaure a turke wata da watanni, ba a fiddo shi sai hawa ya matso, ko mi zai ci bayansa ba zai cika ba, don tsokar da ba a aiki da ita jiki ba ya ɓata furotin a kanta. Amma ba kowace kilisa ba ce. Wannan sukuwar da zamiyar da yara ke yi da yamma, an ja linzami kai ya ɗaga sama hanci na kallon gaba, wallahi ita ke ƙara lotsa bayan. In doki ya ɗaga kai da ƙarfi bayansa lanƙwasawa yake ƙasa, ƙafafun baya su tsaya can baya, sai naman ƙasan wuya ya yi kauri na saman ya rame. Ka lura da dawakan da aka fi matsa ma da linzami mai kaifi zaka ga haka wuyansu yake. Ranar hawa ba laifi ya ɗaga kai ya yi taƙama, ai kwalliyar kenan a Hawan Magajiya da ake yi da Sallah nan Daura, amma ba da wannan tsayuwar ake horo ba.

Abin da ke aiki ba shi da ban sha'awa ga mai kallo. Tafiya ce doguwa, taku mai faɗi, ka sassauta linzami ya sauke kai ya miƙa wuya gaba, in ma zai yiwu ka fita da ragama kawai. Minti 20 zuwa 30 a sati biyun farko, kwana 4 ko 5 a sati, sannan ka fara sa sassarfa kaɗan-kaɗan kana sauyawa, tafiya, sassarfa, tafiya, tsayawa, don wurin sauyin nan ne yake tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa. Tudu shi ne babba. Mu nan ƙasar shimfiɗe take amma ba a rasa gangaren rafi ko bakin kududdufi da ya bushe, ka hau da shi a tafiya, kar ka bari ya yi tsalle ya haye da gudu don gudun sauƙi ne gare shi, tafiyar ce ke sa kuturi aiki. Yashi mai zurfi kuma a yi hattara, yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa, kaɗan ya isa. A gida ka jera itace huɗu ko biyar a ƙasa ya riƙa tsallakawa, ka sa shi ja da baya taku 5 zuwa 8 kai a ƙasa. Akwai kuma wanda nike yi kafin in ɗaura sirdi, in sa yatsu a tsakiyar cikinsa wajen da majayi, wato maɗaurin sirdi, ke bi in ɗan sosa sama, zaka ga bayan ya taso da idonka, in riƙe kamar daƙiƙa 10 in saki. Ka tsaya ta gefe kusa da kafaɗa ranar farko don wani dokin yana harbi. 'Yan folo (ƙwallon dawaki) na Katsina, wasan da tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo aka san garin da shi, in ka leƙa da sassafe zaka tarar mafi yawan aikin dawakansu tafiya ce da sassarfa, gudun na ranar wasa ne.

In aka zo kuɗi, abinci ya fi cin aljihu musamman daga tsakiyar rani da harawa ke tsada, kilisa kuwa lokacinka take ci da haƙurinka. In aka zo saurin gani, abinci ke fara nunawa, cikin sati 3 ko 4 gashi zai yi sheƙi, amma cikar baya ta gaske sai ka ba kilisa sati 6 zuwa 8 kafin ka fara gani, wata ukku kafin maƙwabci ya lura. In ka ɗauki abinci kaɗai zaka samu doki mai kitse da zafin kai. In ka ɗauki kilisa kaɗai kan busasshiyar ciyawa da dawa, wannan ya fi muni, don zai ƙara ramewa ne kana ganin kamar gyara kake. Saboda haka ni a naka, abinci zan fara gyarawa, harawar da waken suya ba ƙarin dawa ba, bayan sati biyu in shigo da kilisar.

Amma bidin nan nawa duk na yi wannan wata biyu ban ga komai ba. Ranar da na gane, mun dawo kilisa na cire sirdi sai naga duk bayan ya jiƙe da gumi banda wurare biyu bayan kafaɗa, kowanne kamar faɗin tafin hannu, a bushe ƙamas, da na danna wurin sai dokin ya durƙusar da baya ya kwantar da kunne. Itacen sirdin ne ya matse shi, zubukar, wato shimfiɗar ƙarƙashin sirdin, ta mutu ta zama kamar tabarma, kuma tun kafin ya zo hannuna akwai fararen gashi a wurin wanda ban ɗauka komai ba, ashe tabon tsohon miki ne. Dokin da sirdi ke ci ba zai taɓa ɗaga bayansa ba, kare kansa yake. Na hutar da shi daga hawa sati ukku ina jansa a ƙasa da ragama, aka sake ma sirdin shimfiɗa mai kauri aka buɗe gabansa, daga nan ne naman ya fara dawowa. Don haka kafin ka sayi ko tiya ɗaya ta waken suya ka duba wannan.

Ka kuma duba kashinsa da bakinsa. In kana ganin ƙwayar dawa na fita ɗungurungum a kashi, ko yana tauna harawa yana zubar da ita dunƙule-dunƙule, haƙoran ne suka yi kaifi a gefe, likitan dabbobi na goge su. Babban ciki da ramammen baya kuma sau da yawa tsutsa ce, a ba shi magani irin ivermectin daidai nauyinsa ba da ka ba. In kuma dokin ya manyanta, ya haura shekara 18 ko 20, ko dama haihuwarsa mai lotsattsen baya ne, zai gyaru amma ba zai koma kamar duƙushi ba, kar ka matsa mashi.

Baka faɗi shekarunsa ba da irin ciyawar da yake ci yanzu, ka turo min. Sannan yau ka tsayar da shi wuri mai daidai ka ɗauki hoto ɗaya ta gefe, ɗaya ta baya kana tsaye kan benci nesa da ƙafarsa yadda za a ga gadon bayan daga sama, bayan sati huɗu ka sake ɗauka a wuri ɗaya ka turo mu gani. Allah ya kai mu Sallar lafiya.