Cakulan ɗin narkawa na kilo ɗaya, ga yadda na same shi

Salamu alaikum 'yan uwa mata, masu tambayata a kan cakulan ɗin nan da ake sayarwa a shagunan kayan kek, wanda yake zuwa a dunƙule kilo ɗaya cikin leda, to ga amsarku. Ni dai don alawar gyaɗa mai cakulan na saye shi, irin wadda ba a gasawa, saboda kun san yadda kicin yake ranar jajibere, ga cincin ga dublan ga miyar kaji, wa yake da lokacin tsayawa gadin kek.

Ku duba jikin ledar, in an rubuta compound to shi ne. Babu man koko a cikinsa, da man itatuwa ake haɗa shi, yawanci alayyadi da aka tace, shi ya sa bai kai na asali tsada ba kuma shi ya sa ya dace da mu. Cakulan na asali yana narkewa tun wajen digiri 34, mu kuwa a Kano watan Afrilu zafi yana kai 40, kuma in kin narka shi sai kin iya daidaita zafinsa kafin ya daskare da kyau. Wannan kuwa narka ki zuba, da kansa zai kama jikinsa har da sheƙi.

Wajen narkawar ne nake so ku kula don Allah. Ki yanka shi ƙanana, yana da tauri sai da wuƙa mai kaifi, ki zuba a busasshen kwano ki ɗora kan tukunyar ruwan zafi, wuta ƙasa ƙasa, kar gindin kwanon ya taɓa ruwan. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki zai cure ya koma kamar tuwon da ya kwana, ko cokalin juyawa sai kin goge shi tas.

Cikin alawar kuma gyaɗarmu ce, ba sai kin sayi ta kwalba ba. Ki soya ki murje ɓawon, ki tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki zubar don tana da illa ga hanta, sannan ki markaɗa a blanda har ta fara fitar da mai. Sai garin suga mai laushi na kek, bota kaɗan, dakakken biskit, da ɗan gishiri, gishirin nan kar ki raina shi. Ki sa cakulan a ƙasan takardar kofin kek, gyaɗa a tsakiya, ki rufe da cakulan, firij minti talatin. In ba wuta kula da ƙanƙara ta wadatar. Irin Reese's ɗin Amurka kenan da suke yi tun 1928, yaran gidanmu har faɗa suke a kan na ƙarshe.

Inda bai burge ni ba, ɗanɗano. In kin ci shi zalla za ki ji maiƙo ya ɗan kwanta miki a dasashi, ƙamshin kokon ma ba shi da ƙarfi sosai. Mai madarar kuma zaƙinsa ya yi yawa, in ya haɗu da sugan cikin gyaɗar sai ya ginshi mutum, don haka baƙin nake ba ku shawara ku saya, kuma ku yi rufin siriri yadda gyaɗar ce za ta fi fitowa.

Zan ƙara saye insha Allah, don rabon yara masu zuwa barka da sallah ya biya kuɗinsa. Sai dai ki tambayi iyayen yaro kafin ki miƙa masa, akwai waɗanda gyaɗa ba ta karɓe su ba ko kaɗan.