Gidan raino a Garki: ya dace da Hajiyar da taro ke riƙewa har magariba?

Dokar ƙwadago ta ba mai jego hutun mako 12, a aikin gwamnatin tarayya kuma mako 16 ne, sannan a rage mata awa biyu kullum idan ta koma. A takarda ke nan. Mataimakiyar darakta mai mataki na 16 da babban sakatare ya kira taro ƙarfe uku da rabi, wa za ta ce wa za ta je shayarwa? Da wannan muka auna wani gidan raino da ke Garki a Abuja, kusa da Sakatariyar Tarayya.

Wajen nono sun yi abin yabo. Kowace kwalba ana rubuta sunan jariri da ranar da aka tatsa. Sun san ƙa'ida: awa huɗu a waje, kwana huɗu a firij, in ya wuce haka a zubar. Da ruwan ɗumi suke ɗumamawa, ba a ɗora shi kan wuta. Suna da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ya ɓata nonon. Mai raino ɗaya jarirai uku take kula da su, kuma akwai ɗaki mai labule inda uwa za ta shayar lokacin azahar.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin tashi. Ƙarfe shida suke rufewa, bayan nan sai an biya kuɗin tara. Lokacin kare kasafin kuɗi a Majalisa, wannan bai isa ba. Bayan shida ma masu rainon kan ragu, domin yawancinsu Nyanya da Mararaba suke komawa, kowa kuwa ya san cunkoson wannan hanya.

Ba sa miƙa yaro ga wanda ba shi cikin rajista, ko da direban gida ne. Daidai ne. Don haka tun ranar farko a rubuta mutum uku da hotunansu: maigida, ƙanwa ko kaka, da direba. Yaro mai zazzaɓi ba sa karɓa, sai a tanadi wadda za ta zauna da shi a gida.

Ga mai zaune a Asokoro ko Garki ya yi. Mai zuwa daga Kubwa ta yi lissafin awannin da jariri zai sha a mota safe da yamma kafin ta biya kuɗin zango.